Mary Breckinridge: Matar da ta kai aikin jinya ƙauyukan da likita ba ya zuwa

A Amurka a yau akwai wani rukuni na ma'aikatan jinya da ke yin digiri na biyu a fannin kula da lafiyar iyali. Doka ta ba su damar duba marar lafiya, tun daga jariri har tsoho, su gano abin da ke damunsa, su rubuta masa magani. Makarantar da ta fara ba da wannan horo a ƙasar, a shekarar 1970, a lokacin tana wani lungu ne na tsaunukan jihar Kentucky, kuma matar da ta kafa ta, Mary Breckinridge, ta rasu shekara biyar kafin nan.

An haife ta ranar 17 ga Fabrairu, 1881, a birnin Memphis, a gidan mulki da dukiya. Kakanta, John C. Breckinridge, ya taɓa zama mataimakin shugaban ƙasa, mahaifinta kuma ɗan majalisa ne da daga baya aka tura shi jakada Rasha. Mijinta na farko ya rasu a 1906, bayan shekara biyu kacal da aure. Daga nan ta shiga makarantar jinya ta asibitin St. Luke da ke New York, ta kammala a 1910. A aurenta na biyu ta haifi 'ya'ya biyu. Macen ta zo bakwaini a 1916, ta koma bayan 'yan sa'o'i, namijin kuma ya rasu a 1918 yana da shekara huɗu. Auren ya mutu a 1920, ta koma amfani da sunan gidansu, ta ƙudurta cewa sauran rayuwarta ta mata masu ciki ce da ƙananan yara.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aikin agaji a yankunan Faransa da yaƙi ya ɗaiɗaita. A can ta haɗu da matan Birtaniya da suka haɗa horon jinya da na ungozoma, abin da babu irinsa a ƙasarta. Ba ta yi gaggawar kafa komai ba. Ta fara ƙaro karatu kan lafiyar al'umma a Jami'ar Columbia. A 1923 ta hau doki ta zaga ƙauyukan gabashin Kentucky, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, ta zanta da ungozomomin gargajiya 53 don ta san yadda ake haihuwa a yankin. Sannan ta tafi Landan ta yi horon ungozoma tana da shekara sama da 40, ta wuce Sikotland ta nazarci yadda ake kai wa mazauna tsaunuka da tsibirai magani.

A 1925 ta kafa ƙungiyar da bayan shekara uku aka sa wa suna Frontier Nursing Service, a gundumar Leslie, inda babu hanyar mota kuma likita ya yi wuyar gani. Tsarin da ta shimfiɗa shi ne abin lura. A 1928 aka buɗe ƙaramin asibiti a garin Hyden, da likita a cikinsa. Aka gina ƙananan cibiyoyi shida a ƙauyuka, kowace da ma'aikatan jinya da ke kwana a nan, suna zaga gidaje a kan doki, da kayan aiki cikin jakunkunan sirdi. Wani kwamitin likitoci ya rubuta musu kundin ƙa'idoji da ya fayyace cutar da za su yi wa magani da kansu, da wadda dole su tura asibiti. Iyali na biyan dala ɗaya a shekara, haihuwa kuma dala biyar, wanda ba shi da kuɗi ya biya da amfanin gona ko da aikin ƙarfi.

Da yake ma'aikaciyar da ta karɓi haihuwa ita ce mai yi wa yara riga-kafi, ita ce mai ɗaure raunin maigida, ita ce mai duba tsohuwar gida, sai aikinta ya zama kula da iyali baki ɗaya. Nan ne tushen fannin da aka ba wa suna daga baya.

Breckinridge ta nace a kan rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa. A 1932 masanin ƙididdiga Louis Dublin, na kamfanin inshora na Metropolitan Life, ya bi bayanan haihuwa 1,000 na farko, ya tarar babu macen da ciki ko naƙuda ya yi ajalinta kai tsaye. Ya ƙiyasta cewa da ƙasar duka na da irin wannan tsari, da an ceci rayukan uwaye 10,000 a kowace shekara.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 1939. Yawancin ma'aikatanta 'yan Birtaniya ne, da yaƙi ya ɓarke sai da dama suka koma gida. Tura 'yan Amurka horo a Ingila ma ya gagara. Kayan aro ba ya rufe katara, don haka a watan Nuwamba na shekarar ta buɗe makarantar horar da ungozomomi a Hyden, da ɗalibai biyu, ga waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan jinya. Ita ce ta zama Frontier Nursing University ta yau, wadda tun 1989 take koyarwa daga nesa, ɗalibi na zaune a garinsu yana koyon aiki a asibitin yankinsa.

Tarihinta bai rasa tabo ba. Ta riƙe ra'ayin wariyar launin fata irin na manyan gidajen kudancin Amurka, kuma ƙungiyarta ba ta ɗauki baƙaƙen fata aikin jinya ba a zamaninta. Ta kuma dogara ga gudummawar attajiran manyan birane, tana ɗari-ɗari da kuɗin gwamnati, abin da ya jefa aikin cikin ƙunci lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, kuma tsarin bai bazu a faɗin ƙasar yadda ta yi fata ba. Duk da karayar ƙashin baya da ta samu a 1931 bayan faɗuwa daga doki, ta ci gaba da jagoranci har ta rasu ranar 16 ga Mayu, 1965, tana da shekara 84.

Matsalar da ta fuskanta ba baƙuwa ba ce ga Potiskum. Babban asibitin garin na karɓar marasa lafiya daga ƙauyukan Fika da Nangere da Fune, kuma a yawancin waɗannan ƙauyuka wanda mai naƙuda za ta fara gani nas ce, ko ungozoma, ko jami'in lafiyar al'umma. Gwamnatin Tarayya ta san haka. A 2009 Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, a 2014 kuma aka fitar da manufar rarraba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya. Shirin na 2009 ya sha fama da rashin biyan alawus daga wasu jihohi da ƙananan hukumomi, da ƙarancin masauki, har ma'aikata da dama suka bar wuraren aikinsu.

Abubuwa huɗu ne suka riƙe aikin Hyden: horo mai zurfi, rubutacciyar ƙa'ida kan iyakar ikon ma'aikaciya, gidan kwana a bakin aiki, da asibitin da ke shirye ya karɓi wanda aka turo. Nijeriya na da digirin jinya tun 1965, lokacin da Jami'ar Ibadan ta fara shi, Yobe kuma na da kwalejin jinya da ungozoma a Damaturu. Abin da ke gaban Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya shi ne fayyace abin da nas mai digiri na biyu za ta iya yi ita kaɗai a ƙauye, da matakin albashin da zai sa ta zauna a can. Wannan aiki ne na masu rubuta takardun manufa da tsarin ma'aikata a Abuja.