Felix Mendelssohn: jagoran makaɗan Leipzig da aka kayar da mutum-mutuminsa cikin dare

A ƙasar Jamus ta da, makaɗa na sarakuna ne ko na majami'a. Birnin Leipzig ya fita daban. Gari ne na fatake da manyan kasuwanni, kuma a shekarar 1743 attajiransa da manyan gari suka haɗa kuɗi suka ɗauki makaɗa 16 don su riƙa yi masu wasa. A 1781 ƙungiyar ta samu zaure a cikin gidan masu saida tufafi, wanda da Jamusanci ake ce ma Gewandhaus. Sunan ke nan da ya bi ta har yau.

Mutumin da ya kai wannan suna duniya shi ne Felix Mendelssohn. An haife shi a Hamburg ranar 3 ga Fabrairu 1809, ya tashi a Berlin. Kakansa Moses Mendelssohn babban malamin falsafa ne Bayahude, ubansa kuwa mai banki. Yana da shekara 7 iyayensa suka sa aka yi mashi baftisma, ya rayu Kirista har mutuwarsa. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Yaro ne mai baiwa. Yana ɗan shekara 9 ya buga fiyano a gaban jama'a, kafin ya cika 18 ya tsara kaɗe-kaɗen da har yanzu ake bugawa. A 1829, yana da shekara 20, ya farfaɗo da wani babban aiki na Johann Sebastian Bach a Berlin, bayan mutane sun kusa mantawa da shi tun rasuwar Bach a 1750.

A 1835 aka ba shi jagorancin makaɗan Gewandhaus, yana da shekara 26. Kafin zuwansa, babban mai goge ne ke jan sauran makaɗa yana tsaye a cikinsu. Mendelssohn ya tsaya gabansu da ƴar sanda a hannu, ya dage kan gwaji kafin ranar wasa. Ya kawo abokinsa Ferdinand David ya zama shugaban masu goge. A ƙarƙashinsa ne aka fara buga babban kiɗan Franz Schubert a 1839, wanda ya kwanta cikin takardu sama da shekara goma bayan mutuwar mai shi, sai Robert Schumann ya gano shi a birnin Vienna. A 1841 kuma ya gabatar da babban kiɗan farko na Schumann ɗin kansa.

Amma abin da ya fi burge ni a rayuwarsa bai shafi dandali ba. Shi ɗan masu kuɗi ne, bai taɓa sanin yunwa ba, makaɗansa kuwa albashinsu ƙanƙane ne. Ya yi ta kai da komowa wajen hukumomin gari har aka ƙara masu. A 1840 birnin ya ɗauki ƙungiyar a matsayin tasa. A 1843 ya buɗe makarantar koyon kiɗa, wadda yau take ɗauke da sunansa.

Aiki ya ci shi. Ga Leipzig, ga kiran sarkin Prusiya a Berlin, ga tafiye-tafiye zuwa Ingila har sau goma. A watan Mayu 1847 yayarsa Fanny, ita ma gwanar kiɗa ce, ta rasu kwatsam. Bai sake komawa daidai ba. Ya rasu a Leipzig ranar 4 ga Nuwamba 1847, yana da shekara 38.

Shekara uku kacal bayan haka, Richard Wagner ya fitar da rubutu da sunan aro yana zagin Yahudawa a fagen kiɗa, da Mendelssohn a ciki. Duk da haka mutanen Leipzig suka kafa mashi mutum-mutumi a gaban zauren kiɗa a 1892. Da ƴan Nazi suka hau mulki a 1933, sai suka hana buga kiɗansa. Baftismar yarinta ba ta dame su ba, jinin kakansa suka duba.

Magajin garin Leipzig na lokacin, Carl Goerdeler, ya ƙi yarda a taɓa mutum-mutumin. Sai suka jira ya yi tafiya ƙasar waje. A daren 9 ga Nuwamba 1936 mataimakinsa ya sa aka ɗauke shi, gari ya waye babu komi a wurin. Goerdeler ya dawo ya nemi a mayar, aka ƙi, ya ajiye muƙaminsa. Daga baya ya shiga cikin masu ƙulla kifar da Hitler, aka rataye shi a Fabrairu 1945. Zauren da mutum-mutumin ya tsaya gabansa kuwa, bama-bamai sun ƙone shi a 1944.

Ƙungiyar ta rayu. Ta yi shekaru tana wasa a wurin aro kafin a buɗe mata sabon zaure a 1981, zamanin Jamus ta Gabas. Yau makaɗanta sun haura 180, tana cikin mafi girma a duniya. A 2008 aka sake ƙera mutum-mutumin Mendelssohn kamar na farko, aka kafa shi kusa da majami'ar Thomas, inda kabarin Bach yake.