Theresa Wallach: Matar da ta keta Sahara a kan babur ta ɓullo Kano a 1935

A farkon shekarar 1935, mutanen Agadas sun ga abin da ba su saba gani ba: wasu Turawa mata biyu sun iso gari daga arewa, fuskokinsu sun yi futu-futu da ƙura, tare da wani babur da injinsa ya mutu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Theresa Wallach, 'yar shekara 25, wadda daga baya sunanta ya shiga tarihin masu doguwar tafiya a kan babur.

An haifi Theresa ranar 30 ga Afrilu, 1909, a gundumar Buckinghamshire ta ƙasar Ingila. Tun tana budurwa ta koyi hawan babur, ba da son iyayenta ba, domin a wancan zamani ana ganin abin bai dace da 'ya mace ba. Da ta nemi shiga wata ƙungiyar mahaya babur, sai aka hana ta saboda mace ce. Wannan bai karya mata gwiwa ba. Ta karanci aikin injiniya a Landan, ta kuma ƙware wajen kwance inji da mayar da shi. Wannan sana'a ce ta zame mata garkuwa a tsakiyar hamada.

A fagen tseren babura ta haɗu da Florence Blenkiron, wadda ta girme ta da shekara biyar. Su biyun suka ƙulla niyyar tafiya daga Landan zuwa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ta ƙasa, su ratsa nahiyar tun daga samanta har ƙasanta.

Sun tashi daga Landan ranar 11 ga Disamba, 1934, a kan babur ƙirar Panther mai ƙarfin cc 600. An haɗa masa akwatin zama mai taya ɗaya a gefe, inda ɗaya ke zama yayin da ɗayar ke tuƙi, sannan yana jan 'yar tirela a baya ɗauke da tanti da guzuri da kayan gyara. Suka ratsa Faransa, suka haye Bahar Rum a jirgin ruwa zuwa Aljeriya, daga nan suka fuskanci kudu.

Hukumomin mulkin mallakar Faransa, waɗanda ke riƙe da hamadar a lokacin, ba su cika barin matafiya su wuce haka kawai ba, domin idan mutum ya ɓata, su ne da ɗawainiyar nemansa. Sai da matan suka yi ta jayayya da sojojin da ke tsaron sansanonin hanya kafin a bar su su ci gaba. Suka bi ta Ghardaia da In Salah da Tamanrasset, suka nufi ƙasar Azbin. Babu kwalta, babu kuma wata mota da ke biye da su don kai ɗauki. Inda yashi ya yi laushi, tayoyin sukan nutse, sai su sauka su tona, su tura. Da rana zafi, da dare kuma sanyin hunturu mai shiga ƙashi, ga ruwan sha da ake aunawa kamar magani. Duk inda dare ya riske su, nan suke kafa tanti.

Kafin su kai Agadas injin ya lalace ƙwarai, har ta kai su ga tura babur ɗin da kayansa tafiya mai nisa. A Agadas suka yada zango na makonni, suna jiran kayan gyara daga Ingila, kuma a nan aka sake ɗaura injin. Da a ce Theresa hawa kaɗai ta iya, da a nan labarin ya ƙare.

Hanyar da suka bi daga Azbin zuwa ƙasar Hausa sabuwa ce ga babur, amma tsohuwa ce ga mutanen yankin. Shekaru aru-aru ayarin raƙuman Buzaye da fataken Hausawa suna bin ta, suna kawo gishiri da dabino, suna komawa da hatsi da baƙin rini da fatun Kano. Rijiyoyi da zangunan da matan suka dogara da su, waɗannan matafiya ne suka san su tun kaka da kakanni. Saboda haka bajintar Theresa da abokiyar tafiyarta ita ce kai ƙaramin inji inda aka fi sanin raƙumi da jurewa.

Sun iso Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926. Birnin ya riga ya zama mahaɗar tsohuwar tafiya da sabuwa: jirgin ƙasa ya iso shi tun 1911, jirgin sama kuma ya fara sauka a 1925, ga raƙuma har yanzu suna shigowa ta ƙofofin ganuwa. Ga wanda ya fito daga hamada, Kano ce wurin da ake samun gidan waya da man fetur da hutawa.

Daga Nijeriya suka yi gabas, suka ratsa tsakiyar Afirka, inda taɓo da koguna da dazuzzuka suka maye gurbin yashi. Suka bi ta Kongo da Uganda da Kenya da Tanganyika da Rodeshiya, har suka shiga Cape Town ranar 29 ga Yuli, 1935, bayan tafiyar kimanin mil 13,500 cikin kusan wata takwas. A can hanyarsu ta rabu: Theresa ta koma gida ta jirgin ruwa, Florence kuma ta juyo arewa ita kaɗai a kan babur.

Theresa ba ta tsaya nan ba. A 1939 ta zaga filin tsere na Brooklands a kan babur ƙirar Norton da gudun da ya haura mil 100 a sa'a, ta sami lambar yabo ta Tauraron Zinariya. Mata uku ne kacal suka taɓa samun wannan lamba, kuma Florence ce ta farkonsu. A Yaƙin Duniya na Biyu ta yi wa rundunar sojan Birtaniya aiki, tana kai saƙonni a kan babur, tana kuma gyaran motoci.

Bayan yaƙi ta tafi Amurka, ta shafe shekara biyu da rabi tana zagaya Amurka da Kanada da Meziko a kan babur, tafiyar kimanin mil 32,000. Idan guzuri ya ƙare sai ta tsaya ta yi aikin ƙwadago, ta tara abin da zai kai ta gaba. Daga bisani ta zauna a birnin Chicago, ta buɗe shagon sayar da baburan Ingila da gyara su.

A shagon ne ta lura cewa mutane da yawa suna sayen babur ba tare da sanin yadda ake sarrafa shi ba, sai ta fara koyar da su. A 1970 ta wallafa littafi kan koyon hawan babur cikin sauƙi, a 1973 kuma ta koma birnin Phoenix na jihar Arizona ta buɗe makarantar koyar da tuƙi. Matar da ta yi suna da gudu da kasada, sai ga ta ta ƙarasa rayuwarta tana koya wa mutane natsuwa da kiyaye rai a kan hanya.

Ta ci gaba da hawan babur har ta kai shekara 88, lokacin da ganinta ya yi rauni. Ta rasu ranar 30 ga Afrilu, 1999, ranar da ta cika shekara 90 cif. Littafinta na labarin tafiyar Afirka, The Rugged Road, ya fito a 2001, a 2003 kuma aka sanya sunanta a zauren karrama mahaya babur na Amurka.

A yau babur ya zama abin neman abinci ga ɗimbin matasa daga Agadas zuwa Kano har tsaunukan Jos, inda yake kai manomi da dankalinsa kasuwa ta hanyoyin da mota ba ta iya bi. Da yawansu sun koyi hawa ne cikin kwana biyu a hannun aboki. Theresa Wallach, wadda ta san abin da babur ke iyawa fiye da mafi yawan mutanen zamaninta, ta ɗauki koyon gyaransa da koyon tuƙa shi a tsanake a matsayin abin da ke gaba da kowace tafiya, doguwa ko gajeriya.