Bismak, Wazirin Jamus

Wanda ya duba taswirar Turai yanzu zai ga Jamus ƙasa guda ce, babba, a tsakiya. Amma da ba haka take ba. Bayan shekarar 1815 Jamusawa a rarrabe suke cikin ƙasashe 39, yawancinsu kowace da sarkinta da sojanta. Harshensu ɗaya ne, amma ba mai bin wani. Manyan cikinsu su biyu ne, watau Ostiriya da Furushiya, kowace kuwa tana so ta zama ita ce gaba. Mutumin da ya haɗa yawancin waɗannan ƙasashe wuri ɗaya sunansa Otto von Bismarck, amma Bismak aka fi kiransa.

An haife shi ran 1 ga Afrilu, 1815, a wani ƙauye da ake kira Schönhausen cikin ƙasar Furushiya. Ubansa mai manyan gonaki ne. Da ya girma aka tura shi jami'a don ya koyi ilmin shari'a, amma ya fi mai da hankali ga faɗa da takobi da sauran samari. Ya gama, ya kama aikin gwamnati, bai daɗe ba ya bari, domin shi mutum ne wanda ba ya son a ba shi umurni. Sai ya koma gonakin gidansu yana lura da su. A lokacin nan ba wanda ya zaci zai zama wani abu.

Cikin 1847 ya yi aure, cikin shekarar kuma ya shiga majalisa. Da shekara ta kewayo mutanen Barlin suka yi bore suna neman a rage ikon sarki, Bismak kuwa ya tsaya bayan sarki sosai. Saboda haka sarki ya yarda da shi, ya aike shi Frankfurt cikin 1851 ya zama wakilin Furushiya a taron ƙasashen Jamusawa. A can ya yi shekara takwas yana ta jayayya da wakilan Ostiriya, har ya tabbata a ransa ba a sarki biyu zamani ɗaya. Daga nan ya yi jakada a Rasha, ya yi a Faransa.

Cikin 1862 rigima ta tashi tsakanin Sarki Wilhelm na Ɗaya da majalisa. Sarki yana so ya ƙara yawan soja, majalisa ta ƙi yarda da kuɗin. Abin ya dami sarki har ya yi niyyar yin murabus. Sai aka kirawo Bismak daga Faris, aka naɗa shi Babban Waziri cikin watan Satumba. Bai yi kwana goma ba ya gaya wa 'yan majalisa ƙiri-ƙiri, cewa manyan al'amura ba da jawabi ko ƙuri'a ake warware su ba, sai da ƙarfe da jini. Ya ci gaba da karɓar haraji har shekara huɗu ba da yardarsu ba. Mutane da yawa suka ƙi shi ƙwarai. Cikin 1866 wani saurayi ya harbe shi da ƙaramar bindiga a kan titi a Barlin, amma kwanansa na gaba.

Yaƙi uku ya yi cikin shekara bakwai. Na fari da Denmak ne cikin 1864, shi da Ostiriya suka haɗa kai suka ƙwace jihohi biyu, Schleswig da Holstein. Na biyu da Ostiriya kanta ne cikin 1866. Sojan Furushiya suna da bindigogi masu saurin ɗuri, kuma Janar Moltke ya kwashe su cikin jirgin ƙasa ya kai su bakin dāga da wuri. Cikin mako bakwai aka gama.

A nan ne wayon Bismak ya fito fili. Sarki da manyan sojansa suka so su shiga Biyana, babban birnin Ostiriya, su kuma yanki ƙasarta. Bismak ya ƙi. Ya ga in aka wulakanta Ostiriya za ta riƙe abin a zuci, ga shi kuwa wata rana zai bukace ta. Suka yi ta gardama da sarki har ya ce zai ajiye aiki. Sai da Yarima, ɗan sarki, ya sa baki kana sarki ya haƙura. Furushiya ba ta yanki ƙasar Ostiriya ba, aka dai fid da ita daga sha'anin Jamusawa. Bayan shekara 13 ta zama abokiyar Jamus.

Saura ƙasashen kudu, waɗanda ba su son bin Furushiya. Bismak ya san ba abin da zai jawo su sai tsoron Faransa. Cikin 1870 aka yi wa wani ɗan'uwan Sarki Wilhelm tayin sarautar Sifen, Faransa ta ce ba ta yarda ba, aka janye. Duk da haka jakadan Faransa ya sami sarki a garin Ems, ya nemi ya yi alkawari ba za a sake ta da maganar ba har abada. Sarki ya ƙi cikin ladabi, aka buga wa Bismak waya aka ba shi labari. Shi kuwa ya taƙaita labarin yadda mai karatu zai ga kamar an yi cin mutunci, ya ba 'yan jarida. Faransawa suka fusata, suka ɗaura yaƙi ran 19 ga Yuli. Ƙasashen kudu suka bi Furushiya, kamar yadda ya yi tsammani. A Sedan aka kama Sarkin Faransa, Nafoliyon na Uku, da rundunarsa.

Ran 18 ga Janairu, 1871, sarakunan Jamusawa suka taru a fadar Versailles kusa da Faris, suka naɗa Wilhelm Sarkin Sarakunan Jamus. Bismak ya zama Wazirin sabuwar daula. Amma sauƙin da ya yi wa Ostiriya bai yi wa Faransa ba. Aka ƙwace mata Alsace da wani yanki na Lorraine, aka ci ta tarar faran miliyan 5,000. Faransawa ba su manta ba, wannan ƙiyayya kuwa tana cikin abubuwan da suka hura wutar babban yaƙin 1914.

Daga nan bai ƙara neman yaƙi a Turai ba, sai ƙulla amana da maƙwabta don Faransa ta rasa mataimaki. A gida kuwa hannunsa da nauyi. Ya matsa wa 'yan Katolika, har aka ɗaure waɗansu limamansu. Cikin 1878 ya hana jam'iyyar ma'aikata yin taro da buga jarida. Amma don ya jawo hankalin ma'aikatan, ya kafa dokar biyan kuɗin magani ga wanda ya yi ciwo cikin 1883, da ta diyya ga wanda ya ji rauni wurin aiki cikin 1884, da ta fansho ga wanda ya kai shekara 70 cikin 1889. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi waɗannan dokoki daga baya.

Aikinsa ya taɓa Afirka ma. Cikin Nuwamba 1884 ya tara wakilan ƙasashe 14 a Barlin, suka zauna har Fabrairu 1885 suna tsara yadda Turawa za su mallaki ƙasashen Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba. Sun yi maganar kogin Kwango da kogin Kwara, amma ba a kira ko mutum ɗaya daga Afirka ba. A zamanin nan Jamus ta kama Togo da Kamaru. Rabon da ya biyo baya shi ya tsaga Adamawa biyu, Yola ta faɗa hannun Ingilishi, Garwa hannun Jamusawa.

Cikin 1888 tsohon sarki ya rasu yana da shekara 90. Ɗansa ya yi kwana 99 kaɗai a kan gado, ciwon maƙogwaro ya kashe shi. Jikan ya hau, watau Wilhelm na Biyu, saurayi ɗan shekara 29, mai son ya yi mulki da kansa. Ba su jitu da tsohon waziri ba. Cikin Maris 1890 ya tilasta masa ya ajiye aiki, bayan ya yi shekara kusan 28 yana riƙe da ragamar mulki.

Bismak ya koma gidansa a Friedrichsruh kusa da Hamburg cike da fushi, yana rubuta tarihin rayuwarsa, yana kuma sukar waɗanda suka gaje shi. Ya rasu ran 30 ga Yuli, 1898, yana da shekara 83. Kafin ya rasu ya bar wasiyyar abin da za a rubuta a kan kabarinsa. Rubutun ya nuna shi amintaccen bara ne na Wilhelm na Ɗaya, ba a ambaci sunan jikan ba.