Martin Luther: Wanda Ya Ƙone Littafin Doka, Ya Kuma Kafa Tsari

An haifi Martin Luther ranar 10 ga Nuwamba, 1483, a garin Eisleben na ƙasar Jamus. Burin mahaifinsa shi ne ya zama lauya, saboda haka ya aika shi jami'ar Erfurt. Amma a watan Yuli na 1505 tsawa ta faɗi kusa da shi a hanya. Cikin tsoron mutuwa ya yi wa'adi, ya bar karatun shari'a ya shiga gidan zuhudu.

A can ya kiyaye dokoki da iyakar ƙarfinsa. Ya yi azumi, ya kwana yana addu'a, ya yi ta furta zunubansa, duk da haka lamirinsa bai sami salama ba. Sai da ya zama malamin Littafi Mai Tsarki a jami'ar Wittenberg, yana nazarin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya gane cewa ceto kyautar Allah ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya cikin Almasihu.

Wannan ganewa ta haɗa shi da hukumar ikilisiya. A 1517 ya fitar da batutuwa 95 na ƙin sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi. A 1520 Paparoma Leo na 10 ya ba shi kwana 60 ya janye koyarwarsa. Ranar 10 ga Disamba na wannan shekara, a bakin ƙofar Wittenberg, aka ƙone littattafan dokokin ikilisiyar Roma, shi kuma ya jefa takardar Paparoma cikin wutar. Abin da ya ƙi shi ne a ɗaure lamirin mai bi da dokar mutum, sai ka ce ceto ya rataya a kanta. An fitar da shi daga ikilisiya a Janairu 1521, a watan Afrilu kuma ya ƙi janyewa a gaban Sarki Charles na 5 a birnin Worms.

Mutane da yawa a nan suke tsayar da labarin, alhali darasin yana gaba. Yana ɓoye a ganuwar Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari da Jamusanci, sai waɗansu mabiyansa suka shiga farfasa siffofi a majami'u, suna tilasta wa jama'a sababbin al'adu da sunan 'yanci. A Maris 1522 ya koma Wittenberg, ya yi wa'azi kwana 8 a jere. Ya koyar cewa abin da Allah ya bari a sake, kada a mai da shi dole, kada kuma a haramta shi, sai a yi haƙuri da marasa ƙarfi har Maganar Allah ta yi aikinta.

Shi kansa ya more wannan 'yanci. A 1525 ya auri Katarina von Bora, ko da yake dokar Roma ta hana firistoci aure, suka haifi 'ya'ya 6. Amma da ya zaga ikilisiyoyin yankin Saksoni ya tarar da jahilci mai yawa, sai ya rubuta Ƙaramar Katikisma a 1529 domin iyaye su koya wa 'ya'yansu Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji a gida.

Yana da nasa laifofi. Ya yi rubutu mai zafi a kan manoman da suka yi tawaye a 1525, da kan Yahudawa a 1543, rubutun da ikilisiyoyi masu ɗauke da sunansa suka yi tir da shi daga baya. Ya rasu ranar 18 ga Fabrairu, 1546, a garin haihuwarsa.

Ƙaunatattu cikin Ubangiji, shugabannin da ke tsara dokoki su tuna cewa doka tana kiyaye zumunci, amma ba ta ceton rai. Mai bi da ke ƙin horo da sunan 'yanci kuwa, ya tuna an 'yantar da shi ne domin ya hidimta wa ɗan'uwansa cikin ƙauna. Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabewa. Amin.