Shofan, Makaɗin Fiyanon Da Aka Binne Jikinsa A Faransa, Zuciyarsa A Poland

Filinmu na tarihin fitattun mutane ya tsallaka Turai a wannan makon. In aka ce fiyano, yawancinmu a nan Gwarzo da Kabo abin da ke zuwa mana a rai shi ne ɗan allon nan mai aiki da lantarki da mawaƙan fina-finan Hausa ke dannawa. To, wannan jika ne. Kakansa ƙaton akwatin katako ne cike da wayoyin ƙarfe, ko wane maɓalli ka danna sai wata 'yar guduma ta doki waya ta ba da sauti. Cikin waɗanda suka fi kowa sanin sirrin wannan akwati akwai Frederic Chopin, wanda ake furta sunansa Shofan.

An haife shi a 1810 a wani ƙauye kusa da Warsaw, babban birnin Poland. Don mu gane nisan zamanin, a lokacin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana raye, Ibrahim Dabo kuwa bai hau gadon sarautar Kano ba sai bayan shekara tara. Mahaifinsa Nicolas Bafaranshe ne, malamin makaranta mai koyar da Faransanci, mahaifiyarsa Justyna kuma 'yar ƙasa ce. Ƙasar da aka haife shi cikinta ba ta da 'yancin kanta, domin tun 1795 Rasha da Prussia da Austria suka yanyanka ta suka rabe a tsakaninsu.

Yana shekara bakwai ya tsara kiɗansa na farko har aka buga shi a takarda, a 1818 kuma ya fara kiɗa a gaban jama'a. Amma abin da zai fi burge 'yan ƙungiyarmu shi ne abin da ya yi a 1824, yana ɗan shekara goma sha huɗu. An kai shi hutu wani ƙauye mai suna Szafarnia, sai ya riƙa rubuta wa iyayensa wasiƙu cikin siffar jarida, da labaran gida da na waje, yana kwaikwayon wata jaridar Warsaw, yana ba da rahoton abin da dabbobin ƙauyen suka aikata kamar wani babban al'amari. Wato dai shi ma ɗan jaridar bango ne irinmu. A irin waɗannan hutun ne ya saurari kiɗan manoma da rawarsu, ya adana su a ka. Daga nan ya samo kaɗe-kaɗensa da ake kira mazurka, waɗanda suka haura hamsin.

A ranar 2 ga Nuwamba 1830 ya bar Warsaw don neman suna a waje. Bai cika wata guda da tafiya ba mutanen ƙasarsa suka yi wa Rasha bore. A Satumba 1831 yana kan hanya a birnin Stuttgart na Jamus labari ya iske shi cewa an murƙushe boren, Warsaw ta faɗi. Ana danganta wani kiɗansa mai zafi, wanda aka yi wa laƙabi da na juyin juya hali, da baƙin cikin wannan lokaci. Hannun hagu ne ke ta gudu sama da ƙasa kamar guguwa, na dama yana buga sauti mai kama da ihu. Daga nan ya wuce Faris, bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba har ya mutu.

A Faris koyarwa ce ta riƙe shi, 'ya'yan masu hannu da shuni yake koya wa fiyano. Ba ya son babban taro. A tsawon rayuwarsa bai wuce sau talatin ko kusa da haka ya yi kiɗa a babban zaure ba, ya fi son ɗan ƙaramin ɗaki da mutane kaɗan, don hannunsa mai laushi ne, ba ya dukan fiyano da ƙarfi. Abokinsa Franz Liszt shi ne mai cika zaure da tsawa. Kusan duk abin da Shofan ya tsara na fiyano ne, kuma mafi yawansu gajeru, minti biyu zuwa goma, marasa baitin waƙa. Mu da muka saba jin kalangu yana magana a hannun gwani bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

Waɗanda suka fi shiga duniya su ne kaɗe-kaɗen dare, guda ashirin da ɗaya, masu sanyi da tafiyar hawainiya, inda hannun dama ke rerawa kamar muryar mutum. Akwai kuma wani ɗan gajere mai sauri da aka ce wani ɗan kare ne mai bin wutsiyarsa ya jawo shi. Sai takensa na jana'iza, wanda har a jana'izar Shugaba Kennedy na Amurka a 1963 an buga shi. Wanda ya samu dama ya saurari na dare na biyu, a ganinmu nan ya fi dacewa a fara.

Duk wannan yana yin sa ne da ciwo a ƙirji. Ƙanwarsa Emilia ta mutu a 1827 tana shekara goma sha huɗu, shi ma tari ya riƙa bin sa, kuma yawancin masana sun tafi a kan cewa tarin fuka ne. A ƙarshen 1838 ya tafi tsibirin Majorca na Sifaniya tare da marubuciya George Sand da 'ya'yanta biyu, wai ko canjin iska zai taimaka. Sai suka faɗa cikin ruwan sama da sanyi. Da mutanen wurin suka ji irin ciwonsa suka guje shi, mai gidan da suke haya ya tashe su, suka koma wani tsohon gidan masu ibada a kan tudu. A can, yana tari har da jini, ya kammala gajerun kaɗe-kaɗe ashirin da huɗu da har yau ɗaliban fiyano ke koyo. Ɗaya daga ciki ana kiransa ɗigon ruwa, saboda wani sauti guda da ke maimaituwa daga farko har ƙarshe. A zamaninsa ba a ma san ƙwayar cutar ba, sai a 1882 Robert Koch ya gano ta. Yau kuwa maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kuma duk wanda tari ya wuce masa mako biyu ana son ya je a gwada majinarsa.

A 1847 suka rabu da George Sand, jiki ya ƙara lalacewa, aljihu ya yi sauƙi. A 1848 ya zagaya Ingila da Scotland yana kiɗa, wani lokaci sai an ɗauke shi a hau da shi bene. Kiɗansa na ƙarshe a gaban jama'a a Landan ya yi shi, ranar 16 ga Nuwamba, don tara wa 'yan gudun hijirar Poland kuɗi. Ya mutu a Faris ranar 17 ga Oktoba 1849, yana da shekara talatin da tara.

An binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Amma bisa wasiyyarsa an cire zuciyarsa aka sa a kwalba, yayarsa Ludwika ta ɗauke ta a ɓoye zuwa Warsaw, inda daga baya aka ajiye ta cikin ginshiƙin wani coci. Lokacin da sojojin Hitila suka mamaye Poland sun hana buga kiɗansa, a 1940 kuma suka tarwatsa gunkin tunawa da shi da ke wani lambu a Warsaw, sai a 1958 aka sake kafa shi. Tun 1927 ake gasar fiyano da sunansa a birnin, yawanci duk bayan shekara biyar, kuma babban filin jirgin saman Warsaw sunansa yake amsawa.