Agnes Martin, matar da ta guje wa suna ta koma jan layi a gidan ƙasa

A watan Nuwamba na 2023 an yi gwanjon wani zane a birnin New York, aka saye shi dala miliyan 18.7. Babu mutum a cikinsa, babu dabba, babu itace, sai ƙananan layuka a jere. Mai zanen, Agnes Martin, ta rasu tun 2004, kuma shekaru da yawa na rayuwarta ita kaɗai ta yi su, nesa da masu irin wannan kuɗi.

An haife ta ranar 22 ga Maris 1912 a Macklin, cikin gonakin alkama na yammacin Kanada, ƙasa shimfiɗaɗɗa wadda ido ke tafiya har ya gaji. Wanda ya taɓa tsayawa a karkarar Mayahi bayan an gama girbin hatsi ya san irin wannan fili. Mahaifinta ya rasu tana ƴar shekara 2. Ta koma Amurka a 1931, ta yi karatun koyarwa, ta daɗe tana aikin malanta tana zane a gefe. Yawancin zanenta na farko ita da kanta ta lalata su don ba su gamsar da ita ba.

Sai a 1957, tana da shekara 45, ta tare a New York bisa gayyatar dillaliyar zane Betty Parsons. A can ta samo abin da aka san ta da shi: kyalle mai santimita 183 tsaye da kwance, ta shafa masa fenti mai haske, sannan ta ɗauki fensir ta ja layuka tsaye da kwance har su cika shi. Daga nesa mutum zai rantse hazo yake gani. In ya matso sai ya ga rawar hannunta a kowane layi, inda fensir ya yi tsalle a kan zaren kyallen. Masana sun sa ta cikin masu salon taƙaita zane, amma ita ba ta yarda da wannan suna ba. A ganinta aikinta na zuciya ne: natsuwa, farin ciki, da tsarkin rai. Ta tashi a gidan Kirista, daga baya ta karanci koyarwar Zen da Tao ta Asiya, ko da yake ba ta ɗauki kanta mabiyar su ba.

Natsuwar nan ba a banza ta same ta ba. Tana fama da taɓin hankali mai sa jin muryoyi, har aka kwantar da ita a asibiti ba sau ɗaya ba. A 1967, daidai lokacin da sunanta ke tashe, ta rabar da kayan aikinta, ta shiga mota ta bar birnin. Bayan yawo na fiye da shekara ta sauka a hamadar jihar New Mexico, ta gina gida da tubalin ƙasa da hannunta, irin ginin da magina a Tasawa ba za su yi baƙunta da shi ba. Shekara kusan bakwai ba ta yi fenti a kyalle ba.

Da ta dawo a 1974, layukan sun zama faffaɗan ratsi masu launin shuɗi-shuɗi da ja-ja, kamar sararin sama da asuba. Yadda take aiki ma abin lura ne. Takan zauna a kujera tana jira, wani lokaci kwanaki, sai siffar zanen ta bayyana mata ƙarama, sannan ta cika takarda da lissafi don ta faɗaɗa ta. Wanda bai yi daidai ba ta yanka shi da wuƙa. Ni dai duk lokacin da na duba aikinta, mai zayyanar allo nake tunawa, wanda ke maimaita layi ɗaya cikin haƙuri ba ya ɗaga kai.

Girmamawa ta zo mata da tsufa: lambar zinariya ta bikin Venise a 1997, da lambar ƙasa ta fasaha ta Amurka a 1998. Ta ci gaba da aiki har watannin ƙarshe, ta rasu a Taos ranar 16 ga Disamba 2004 tana da shekara 92. A gidan tarihi na Harwood da ke garin akwai ɗaki mai kusurwa takwas inda aka rataye zanenta bakwai, da kujeru a tsakiya don masu shigowa su zauna.