Dokta Barau Dikko, Likitan Farko Daga Arewa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu sun taɓa kai mara lafiya Asibitin Barau Dikko da ke nan Kaduna, wasu ma a can aka haife su. Amma kaɗan ne suka san mutumin da asibitin ya ci sunansa.

An haifi Russel Aliyu Barau Dikko a Wusasa, kusa da Zariya, a shekarar 1912, cikin ƙaramar jama'ar Kirista ta Angilika da ta taso ƙarƙashin Dokta Walter Miller. Ya fara karatu a makarantar mishan ta Wusasa, ya wuce Kwalejin Sarki a Ikko, sa'an nan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya koyi aikin likita. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya kai wannan matsayi. A 1940 ya shiga aikin gwamnati yana ƙaramin likita.

Zamanin nan lafiya tana da wuya a ƙasarmu. Agana tana kashe yara, waɗanda suka tsira kuwa ta bar musu zane a fuska, wasu ta makantar da su. Sanƙarau yana aukowa da rani. Kuturta tana raba mutum da danginsa. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a bakin rafuka, ya addabi ƙauyuka har gwamnati ta tashi jama'ar yankin Anchau ta sake musu mazauni, aka kuma kafa cibiyar binciken cutar a Kaduna. Irin waɗannan cututtuka ba a zama a asibiti ana jiransu. Dole a bi gari gari ana duba mutane, ana lamba, ana ware masu ɗauke da cuta, ana sare kurmin da ƙuda ke ɓuya.

Dikko bai tsaya ga allura da magani kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, shi ne kuma shugabanta na farko. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya riƙe ta ba. Sai ya sauka daga shugabanci, ya ci gaba da likitancinsa. A 1953 ya zama babban likita, a 1957 kuma aka ba shi babban matsayi a sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa.

A 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Lantarki, a 1971 kuma na Sufuri. Cikin waɗannan shekaru ne aka yi babban gangamin lamba wanda ya kawar da agana daga Nijeriya a 1970, shekara goma kafin a tabbatar ta ƙare a duniya. Dikko ya ga wannan da idonsa kafin rasuwarsa a 1977.

Agana ta tafi domin iyaye sun fito da 'ya'yansu. Baƙon dauro da sanƙarau kuwa suna nan. Saboda haka, in ma'aikatan rigakafi suka zo unguwarku, ku buɗe musu ƙofa, ku kuma tuna wa maƙwabci. Allah ya jiƙan Dokta Dikko, ya ba shi madawwamin hutu.